Ƙofar da Iliya Ya Rubuta a Kife

Ku yaran yanzu da kuke zama gaban kwamfuta fanka tana kaɗa ku, kuna danna maɓalli inji yana amayo muku bana, wato ƙyallen talla mai faɗin bango, kun ɗauka rubutun allo wasa ne. Rannan ina rubuta sunan wani kanti a Mararaba wani sa'anku ya tsaya a kaina, ya harɗe hannuwa ya ce ai wannan ko ƙaninsa ɗan firamare zai yi. Na miƙa masa buroshin. Harafi ɗaya ya ja, fenti ya gangaro masa har gwiwar hannu. Na ba shi tsumma da kananzir ya goge.

Sunana Salisu. Na zo Abuja daga wajen Kano jim kaɗan bayan soja sun koma bariki, lokacin da duk inda ka waiwaya gini ake yi, kuma duk wanda ya kafa rumfa yana son sunansa a sama. Mai kemis yana so, mai aski yana so, coci da Islamiyya suna so, balle 'yan siyasa da ba sa barin bango ya huta. Na koyi aikin a hannun Baba Audu, wanda rumfarsa take bakin titi kusa da tashar Nyanya. Ba a yi wuri kamar wannan ba a sana'armu, domin kullum safiya gosulo yana tsayar da rabin ma'aikatan gwamnati a gabanmu. Ko mutum ba ya so sai ya karanta allunan da muka jingine suna shan iska, kafin motarsa ta matsa ya haddace su.

Shekarata ta farko ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Wankin buroshi nake yi, da kankare tsohon fenti daga kwanon da muke yin allo da shi, da dama sabo har ya yi kaurin da Baba yake so. Idan ya yi ruwa zai yi hawaye a jikin allo, idan ya yi kauri buroshi zai yi ta tuntuɓe. Bayan nan aka koya mini buga layi. A shafa wa zare alli, mutum biyu su ja shi ya miƙe a jikin allo, a ɗaga tsakiyarsa a sake, sai ya bar farin layi. Wannan layin shi ne ƙasa. Baba yana da magana ɗaya da yake maimaitawa har muka gaji da ji: kowane harafi sai ya taka ƙasa. Na boko ya taka, na ajami ya taka, wanda ya yi tsalle sama da layi kuwa mai shi ya sha ranƙwashi.

Akwai buroshi ɗaya da ba mai taɓawa sai shi. Dogon gashi gare shi mai laushi, yana ɗaukar fenti ya ja layi daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da an sake tsomawa ba. Maigidansa ne ya bar masa a Kaduna. Idan an tashi aiki shi da kansa yake wankewa, ya shafa masa basilin, ya naɗe a farin ƙyalle ya sa a aljihun gaba. Al'adar gidanmu ita ce, ranar da maigida zai ajiye aiki, yaro ɗaya yake miƙa wa buroshinsa, kuma daga ranar sunan wannan yaron ne ake sawa a kusurwar kowane allo. Sauran ko su zauna a ƙarƙashinsa ko su kama gabansu. Idon Baba ya fara hazo a lokacin, ya kuma fara zancen komawa gida. Mu biyu ne yaran rumfar, ni da Iliya, kowa ya san ɗayanmu ne.

Iliya daga kudancin Kaduna ya zo, bayana da kusan shekara biyu. Ni na koya masa riƙon zare. Hannuna ya fi nasa tsabta, wannan ko shi ba ya musu. Wandonsa kamar an yi faɗa da bakan gizo, yana aiki yana waƙar coci, yana dariya ana ji daga tsallaken titi. Amma mai shago zai zo ya same ni ina aiki, ya gaishe ni, sannan ya leƙa bayana ya ce, "Ina wannan mai dariyar?" Ni na yi allon, shi ake kawo wa lemo. Ina jin haushin abin ƙwarai, kuma ban taɓa yi wa kaina ƙarya cewa ba kishi ba ne. Abin da yake kwantar mini da hankali shi ne buroshi ba da dariya ake gadonsa ba, da hannu ne.

Wata ranar Asabar aka faka mana wata ƙatuwar mota a gaban rumfa, irin mai haƙa rijiyar burtsatse, da hasumiyar ƙarfenta kwance a baya. A shekarun nan unguwanni suna tsirowa ruwan famfo bai bi su ba, masu wannan mota ba sa hutawa, kuma da yawansu mutanen Indiya ne. Mai motar ya sauko, wani siririn mutum mai gilashi, ya ce sunansa Mista Kalita. Yana jin Hausa irin ta wurin aiki, wadda ya tsinta a bakin leburori. Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihun riga, ya ce yana son abin da ke jiki a ƙofofin motar biyu, dama da hagu, da farin fenti a kan shuɗi.

Baba ya kai takardar kusa da hanci ya nisanta ta, ya ce, "Rubutun Indiya ne, irin na fim."

"A'a, Baba," in ji Kalita, ransa ya ɗan sosu. "Wancan daban, wannan daban. Wannan namu ne, na Assam. Indiya rubutu da yawa."

Ya tsaya ya yi mana bayani iya Hausarsa. Ƙasarsu tana can arewa maso gabas, gefen wani babban kogi, inda ake noman shayi. Rubutunsu daga hagu yake tafiya zuwa dama kamar boko, amma ba shi da manyan baƙaƙe da ƙanana. Wasula maƙale suke a jikin baƙi, wani a gaba, wani a baya, wani a sama, wani a ƙasa, wani lokaci kuma baƙi biyu su rungume juna su zama ɗaya. Ya ce maƙwabtansu 'yan Bengal kusan irinsa suke yi, 'yan haruffa kaɗan ne suka raba su, amma kada mu kuskura mu ce masa ɗaya ne. Baba ya tambayi abin da aka rubuta. Ya ce sunan mahaifiyarsa ne, ta rasu yana nan Abuja bai samu zuwa ba, motar kuma ita ce ta farko da ya mallaka da kansa.

Da ya tafi, Baba ya ce idonsa ba zai iya da waɗannan ƙananan ƙugiyoyi ba. Ya ba ni ƙofar direba, ya ba Iliya ɗaya ɓangaren, ya ce kowa ya nuna abin da ya koya, shi zai leƙa Apo wajen wani aiki. Bai ce jarrabawa ce ba. Ba sai ya faɗa ba.

Ga yadda ake kwafar rubutun da ba ka iya karantawa, ku da kuke cewa aikin banza ne. Za ka raba takardar gida-gida da fensir da rula, ka raba jikin ƙofar gida-gida da alli, sannan ka bi kowane gida ka mayar da abin da ke cikinsa, ba ƙari ba ragi. Ba ka da ikon cewa wannan ƙugiyar ta yi tsawo bari in rage, domin ba ka san ko ita ce ke riƙe da ma'anar ba. Na sake zana takardar a kwali don kowa ya samu tasa. Haruffan masu kusurwa ne, wasu kamar an karya tsinke uku an haɗa, kuma akwai layi da ya ratsa gefe ɗaya nasu, yana tafiya yana ɗan yankewa. Ni na lura da yadda mutumin ya riƙe takardar da yake nuna mana, ga shi kuma na sha kallon fim ɗin Indiya a sinima a Kano ina yaro. Na san layin a sama yake, haruffan suna rataye a jikinsa kamar shanya a igiya.

Da na zagaya ɗaukar tina, man nan da muke tsinka fenti da shi, sai na tarar Iliya ya buga zarensa, ya juya kwalin, ya zaunar da haruffan ɗaiɗai a kan layi, ƙafafunsu suna kallon sama.

Na ce, "Iliya, kwalin nan a kife yake."

Ya dube shi, ya dube ni, ya yi dariya. "Haba Yaya Salisu. Ka taɓa ganin harafi yana lilo? Baba ya ce kowane harafi sai ya taka ƙasa. Ga ƙasa nan mutumin ya ja mana da kansa. Naka ne yana kife."

"Na dai gaya maka."

"Ka gaya mini, na gode. Je ka gyara naka kafin Baba ya dawo."

Allah ne shaidata na faɗa masa, har sau biyu. Amma da ya ƙi ji ban yi baƙin ciki ba. Na koma ɓangarena zuciyata fari ƙal, na ja layina na sama da rula, na bar giɓi duk inda takarda ta bar giɓi, na sauko da kowane harafi kamar an buga da inji. Ban taɓa aiki mai kyan wannan ba. Ina yi ina lissafin yadda za ta kaya: sunan uwar mutum, matacciya, a kife a jikin motarsa. Har na fara jin nauyin buroshin Baba a aljihuna.

Washegari da hantsi Kalita ya zo, Baba yana zaune a benci. Ƙofata ya fara gani. Ya gyara gilashi, ya bi ta da ido daga farko zuwa ƙarshe, ya gyaɗa kai ya ce, "Daidai. Na gode, oga." Ko numfashi biyu bai yi a wurin ba ya zagaya ɗaya gefen. Na bi shi a baya don kada a ba ni labari.

Ya tsaya cak. Ya karkata kai hagu, ya ƙara karkatawa, har ya dafa gwiwa ya sunkuya yana leƙen ƙofar ta ƙasa. Iliya yana gefe yana washe baki, yana jiran yabo. Sai na ga kafaɗun mutumin suna rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda take hana mutum tsayuwa. Ya zauna a kan galan ɗin fenti, ya cire gilashi yana share ido.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, oga," in ji Iliya, murya ta fara sanyi.

"Ka sa mamana ta tsaya da kai."

Iliya ya ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo, oga ka yi haƙuri. Wallahi na ga layi ne na ce ƙasa ne. A wurinmu harafi yana tsayawa a kan layi."

"A wurinmu yana riƙe layi da hannu," in ji Kalita. Ya ce da tana da rai ita za ta fi kowa dariya, domin malamar makaranta ce, ta sha juya wa yara littafi a hannu. Sannan ya ce, "Kawo buroshi. Zo nan."

Abin da ya biyo baya shi ne abin da har yau yake tsaya mini a rai. Mutumin nan da ke da aiki yana jiransa a wani gini, ya naɗe hannun riga ya zauna a ƙasan rumfarmu. Ya sa Iliya ya kawo wani tsohon kwano, ya kama hannunsa kamar na ɗan aji ɗaya, ya nuna masa inda kowane harafi yake farawa da inda buroshi yake juyawa. A nan na ga ashe shi ba ya jan layin saman nan gaba ɗaya da rula yadda na yi. Kowane harafi da guntun layinsa yake zuwa, sai su kama hannun juna su zama ɗaya. Yana ja yana kiran sunan harafin, Iliya yana maimaitawa da bakinsa na kudancin Kaduna, su biyun su fashe da dariya. Ya ba shi labarin yadda kakanninsu suke rubutu a ɓawon itacen nan da ake samun turaren ud a jikinsa, da alƙalamin kara da tawadar da suke dafawa, Baba yana ta mamaki yana cewa ashe su ma kamar mu. Aka aika aka sayo shayi. Ni kuwa ina tsaye da ƙofata mai kyau, ba wanda ya sake waiwayarta.

Bai tsaya a ranar ba. Duk sanda motar ta biyo ta Nyanya sai ya tsaya, ya ƙara wa Iliya haruffa biyu ko uku. Kada ku ce me ya hana ni matsawa in koya. An ce in matso. Iliya da kansa ya ce, "Yaya, zo ka gani, abin yana da daɗi." Na ce ni ba ni da abin gyara. Na zauna nesa ina wanke buroshin da ba ya bukatar wanki, kunnena yana wurinsu. Kafin damina ta fita, Iliya yana rubuta sunan mahaifiyar Kalita da ka ba tare da takarda ba, kuma dole in faɗa, nasa yana da wani motsi da nawa ba shi da shi. Nawa kamar hoton mutum ne, nasa kamar mutumin.

Sai shekarar rusau ta zo. Aka bi bakin titi aka shafa jan fenti a jikin rumfuna, kuma abin takaici, rubutun ma ko kyau babu. Katafila ta zo ta kwashe mu tare da masu shayi da masu faci, muka tsira da galan-galan da tsani. A shekarar ce kuma injinan bana suka cika gari. Mai kemis ɗin da yake rantsuwa da hannun Baba ya je aka buga masa allo har da hoton ƙwayoyi kafin azahar. 'Yan siyasa suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Muka koma ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a Mararaba, aikin da ya rage mini shi ne bin katangu ina rubuta cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, da kuma kada a yi fitsari a nan. Hannun da ya fi kowanne tsabta a Nyanya, ga inda ya ƙare.

Abin da ya ciyar da mu a shekarar, motocin burtsatse ne. Kalita ya gaya wa 'yan'uwansa akwai wani yaro a Mararaba da yake rubutu da hannu kamar a gida. Yaran kwamfuta na lokacin idan aka kai musu irin wannan rubutu sai injin ya fito musu da akwatuna a jere, ko ya wargaza wasulan kowanne ya kama gabansa. Sai ga motoci suna layi a gindin mangwaro. Wasu ma ba rubutun Assam ba ne nasu, na kudancin Indiya ne mai zagaye-zagaye, amma Iliya ya riga ya gano dabarar. Ba ya karɓar takarda ya sallami mutum. Sai ya ce, "Oga, zauna ka rubuta ina gani," ya kafa wa hannun mutumin ido. Ni nake shafa shuɗin ƙasa in buga layi, shi ya zo ya rataya haruffa. Yana raba abin da aka samu da ni da Baba ba tare da an tambaye shi ba, kuma wannan kirkin nasa ya fi komai ci mini rai.

Ranar da Baba zai tafi gida, 'ya'yansa sun zo da mota sun ɗaure kayansa, ya ce mu zauna. Rumfa dai babu ita, abin da ya rage a gada shi ne abin da ke aljihunsa. Ya zaro farin ƙyallen ya ɗora a cinya. Ban jira ya fara ba, domin na ga inda idonsa yake kallo.

Na ce, "Baba, kafin ka yi magana. Ranar motar nan, wa ya yi daidai?"

"Kai ne."

"Wa ya kife sunan uwar mutane?"

"Iliya ne."

"Na gaya masa ko ban gaya masa ba?"

"Ka gaya masa, shi ma ya faɗa mini." Baba ya shafa ƙyallen. "Salisu, ban taɓa yin yaro mai hannunka ba, kuma ba zan yi ba. Ka yi daidai, mutumin ya ce na gode ya wuce. Da ƙofarka kaɗai ya gani, da daga ranar ba mu sake ganinsa ba, da kuma yunwa ta kashe mu bana. Kuskure kowa yana yi. Abin da na duba shi ne, da aka shimfiɗa kwano a ƙasa ana koyarwa, wa ya durƙusa."

Ya miƙa wa Iliya. Iliya ya karɓa da hannu biyu yana hawaye, ya juyo ya ce, "Yaya, ai namu ne tare." Na ce Allah ya sanya alheri. Na taya aka sa Baba a mota, na ɗauki tsanina da galan biyu na bar gindin mangwaron, ban sake aiki a ƙarƙashin kowa ba.

Yanzu Iliya yana da shago a Apo kusa da makanikai, da yara, har da injin bana irin naku. Muna gaisawa, ya zo sunan 'ya'yana, na je bikin 'yarsa. Kalita ya daɗe da komawa ƙasarsu. Motar kuwa ta tsufa an yanka ta, Iliya ya karɓi ƙofofin biyu ya kafa a bangon shagonsa. Tasa ta sha gyara da ƙari, domin kafin Kalita ya tafi, duk shekara sai ya kawo motar ya ce a sabunta, su zauna su sha shayi. Tawa tana nan yadda na bar ta, fentin ko tsagewa bai yi ba. Duk wanda ya shiga, gaban ta Iliya yake tsayawa a ba shi labari a yi dariya.

Kwanaki na je wajen Iliya karɓar tina, yana waya a waje, na tsaya ni kaɗai gaban ƙofata. Na bi haruffan da yatsa tun daga layin sama har ƙasa. Babu kuskure ko ɗaya a ciki, ko yau aka kawo rula za a tarar da haka. Ni na rubuta sunan matar nan da hannuna, kuma har yanzu ban san yadda ake faɗinsa ba.